Ranar da na kai Yaya awon kitsen jini

Yayana yana da lalurar Down, wadda ake haihuwar mutum da ita take kuma jawo jinkirin fahimta, shekararsa 47, kuma tun rasuwar Inna yake hannuna. Bara ya fara canzawa. Mutumin da ke riga kowa zuwa masallaci da asuba ya koma sai an tashe shi sau uku, ya daina share ƙofar gida, ga ƙiba, ga jin sanyi ana tsakiyar zafin bazara. Dangi suka ce, "Ai dama haka Allah Ya yi shi." Ba abin da ya fi wannan magana ƙona mini rai, don ni na san da ba haka yake ba.

Tsorona ciwon mantuwa. Masu lalurar Down kuromosom (ƙunshin ƙwayoyin halittar gado) na 21 uku gare su maimakon biyu, a kansa kuwa ƙwayar halittar da ke haifar da sinadarin amiloyid take, wanda ke taruwa a ƙwaƙwalwar masu cutar mantuwa ta Alzheimer. Zuwa shekara 40 kusan dukkansu ya taru musu. Wannan ba yadda zan yi da shi. Kitsen jini kuwa akwai abin da zan iya yi a kai, domin wani bincike da aka yi a Amurka aka buga a 2007 ya nuna masu Down da kolestarol ɗinsu, wato kitsen jini, ya kai 200 a awo haɗarin mantuwarsu ya ninka na sauran fiye da sau biyu.

Da na nemi a auna masa kitsen, an ce a zo da shi bai ci komai ba tun dare. Zuwan farko kuɗin keke muka yi asara, ya faki idona ya ci ƙosai. Karo na biyu na ce, "Yaya, azumi za mu yi tare zuwa hantsi." Sai ga shi har da fariya.

Sakamako ya haura 200. Har na ƙudurta raba shi da man shanu da tsire, likita ta ce, "Hajiya, dakata, a auna tayirod ɗinsa tukuna." Ashe wannan 'yar halitta ta maƙoshi tana yawan yin rauni ga masu Down, in ta raunana kuma ta ɗaga kitse, ta kashe jiki, ta kawo mantuwa mai kama da ta tsufa. Haka aka samu tasa. Aka ɗora shi kan ƙwaya ɗaya kullum kafin karin kumallo.

Bayan wata uku kitsen ya sauka, ko da yake ba duka ba, tsintsiya kuma ta koma hannunsa. Likita ta sa na buɗe littafin rubuta abin da yake iyawa da kansa, don a riƙa kwatantawa. Makon jiya sau biyu ya tambaye ni ko Inna ta dawo daga unguwa. Na rubuta, da kwanan wata.