Vicksburg, 1863: garin da aka ci da lissafin guzuri

In hirar yaƙin basasar Amurka ta tashi a majalisun masu son tarihi a nan Gombe, sunan da ke fara fitowa shi ne Gettysburg. Ba laifi, don can aka fi zubar da jini: kwana uku, daga 1 zuwa 3 ga Yuli 1863, aka yi asarar mutum kusan 51,000 in an haɗa matattu da masu rauni da waɗanda aka kama. Amma a ganina duk mai son ya gane dabarar yaƙi, Vicksburg ya kamata ya zauna ya nazarta, garin da ya miƙa wuya washegari, 4 ga Yuli. A Gettysburg korar Janar Lee na 'yan awaren Kudu aka yi, ya tattara rundunarsa ya haye kogin Potomac, ya ci gaba da yaƙi kusan shekara biyu. A Vicksburg kuwa runduna guda aka kama ɗungurungum, aka kuma raba ƙasar 'yan aware gida biyu.

Yaƙin ya tashi a 1861 da jihohin kudancin Amurka suka fara ɓallewa, har suka kai 11, kuma tushen rigimar shi ne bauta. Ɓangaren Tarayya, wato Arewa, na da mutum wajen miliyan 22, 'yan aware na da miliyan 9, a ciki miliyan uku da rabi bayi ne. Tun farko babban kwamandan Tarayya, dattijo Winfield Scott, ya ba da shawarar a toshe tashoshin teku na Kudu, sannan a ƙwace kogin Misisipi tun daga sama har bakin teku. Zuwa tsakiyar 1862 Tarayya ta kama New Orleans a ƙasa da Memphis a sama. Abin da ya rage shi ne tsakanin Vicksburg da Port Hudson, kuma ta nan ne shanu da gishiri da sukari na Texas da Louisiana ke tsallakowa gabas su ciyar da sojojin aware.

A wancan lokacin garin Vicksburg yana zaune a kan tudu mai tsawon mita 60 sama da ruwa, daidai inda kogin ya yi lanƙwasa, don haka duk jirgin da zai wuce sai ya rage gudu a gaban bakin igwa. Arewacinsa fadama ce ta kogin Yazoo, yammacinsa kogin ne kansa. Busasshiyar ƙasar da runduna za ta iya takawa tana gabas da kudu, wato a bayan abokan gaba.

Kafin a je ga faɗan, sai an fahimci lissafin ciki, don shi ne ya ɗaure hannun kowane janar a wannan yaƙi. Soja ɗaya yana cin kusan kilo ɗaya da rabi a rana. Doki yana cin kilo 12 na ciyawa da hatsi, alfadari kilo 10. Amalanken soja alfadarai shida ke jansa, ke nan kilo 60 da ɗoriya kullum, alhali a hanya mai taɓo abin da yake ɗauka bai wuce tan ɗaya ba. A yi lissafi: in babu kiwo a hanya, cikin kwana 16 dabbobin sun cinye duk abin da suka ɗauko, kwana takwas zuwa, takwas dawowa, soja bai samu ko loma ba. Shi ya sa runduna ba ta iya nisa da kogi ko layin dogo. Mai duba taswirar wannan yaƙi, ya fara bin koguna da layukan jirgi da yatsa kafin ya dubi inda aka gwabza.

Janar Ulysses Grant na Tarayya ya koyi wannan da tsada. A Disamba 1862 ya biyo layin dogo daga arewa, ya tara kayansa a Holly Springs. Ran 20 ga wata Janar Van Dorn na 'yan aware ya zagayo ta bayansa da mahaya 3,500 ya ƙone ma'ajiyar ƙurmus, ɗan'uwansa a aware Janar Forrest kuma ya tumɓuke layin dogo a yammacin Tennessee. Dole Grant ya juya. Janar Sherman, na ƙarƙashin Grant, wanda aka tura ta ruwa da zaton Grant zai riƙe masu gadin garin, ya afka wa tudun Chickasaw Bayou shi kaɗai, ya rasa mutum kusan 1,800, masu tsaro suka rasa 200 da 'yan kai. Sai dai a hanyar komawa Grant ya lura da abu guda: sojojinsa sun ci sun ƙoshi daga rumbuna da garken gonakin yankin. Wannan ya riƙe a ransa.

Watannin sanyi sun tafi a haƙar magudana da neman hanya ta cikin fadama, yunƙuri huɗu, babu wanda ya kai ga gaci.

A ƙarshen Maris 1863 ya ɗauki shawarar da ta fi kowacce haɗari. Sojoji za su gangara da ƙafa ta gaɓar yamma, suna shimfiɗa itatuwa a kan taɓo suna kafa gadoji, har su wuce garin ta kudu. Jiragen da za su yi musu fito kuwa babu wata hanya sai su ratsa ta gaban igwogin Vicksburg. Daren 16 ga Afrilu Admiral Porter, kwamandan jiragen ruwan Tarayya a kogin, ya shiga. An kashe fitilu, an jera dilolin auduga da na ciyawa kewaye da tukwanen tururi, don harsashi ɗaya a tukunya ya isa ya dafa duk wanda ke kusa. An ɗaura kwale-kwalen kwal a gefen jiragen, ga makamashi ga garkuwa. Masu tsaro suka cinna wa gidaje wuta a bakin kogi don su haska ruwan, suka yi ta ɓarin wuta, amma jirgin kaya ɗaya kaɗai ya nutse. Ran 22 ga wata wasu shida suka bi, biyar suka fita. Porter ya riga ya gargaɗi Grant cewa in jiragen sulke suka gangara ba su dawowa, don in suna hawa gaba da ruwa tafiyarsu za ta yi nauyi har igwa ta gama da su. Tafiya ce ta ba waiwaye.

Don a rikita Janar Pemberton mai riƙe da garin, Kanar Grierson ya ratsa jihar Misisipi daga arewa zuwa kudu da mahaya 1,700, kilomita kusan 950 cikin kwana 16, yana yanke wayar tangaraho yana ƙona taragu. Sherman kuma ya yi kamar zai kai hari ta arewa. Pemberton ya watsa sojojinsa suna bin inuwa. Ran 29 ga Afrilu jiragen Porter suka kasa rufe bakin igwogin Grand Gulf, sai wani baƙar fata ɗan yankin ya shaida wa Grant cewa akwai hanya mai kyau a Bruinsburg, ƙasa kaɗan. Washegari aka fara fito, mutum sama da 20,000 suka haye ba wanda ya tare su.

A nan ne gwanintar take. Kowa ya zaci zai miƙe arewa zuwa Vicksburg. Sai ya nufi arewa maso gabas, wajen layin dogon da ya haɗa garin da Jackson, kilomita 70 a gabas, inda Janar Joseph Johnston na 'yan aware ke tara agaji. Manufarsa ya shiga tsakanin rundunonin biyu, ya doki kowacce ita kaɗai kafin su haɗu. Ana yawan cewa ya yanke alaƙa da guzurinsa gaba ɗaya, amma ba haka ba ne. Nama da masara da kaji daga gonaki aka ƙwato su, harsashi da busasshen biskit da gishiri da kofi kuwa ayarin amalanke ne ya ci gaba da kawo su daga Grand Gulf, har da kekunan gona da aka tattaro. Abin da ƙasa za ta iya bayarwa ya bar mata, abin da ba za ta iya ba ya ɗauko. Sharaɗin wannan dabara ɗaya ne: kada a tsaya. Rundunar mutum 40,000 in ta kwana uku wuri guda ta cinye yankin tas.

Port Gibson ran 1 ga Mayu, Raymond ran 12, Jackson ran 14, Champion Hill ran 16, gadar Big Black ran 17. Gwabzawa biyar, tafiyar kusan kilomita 290 cikin kwana 17, kamar mutum ya taka daga Gombe zuwa Bauchi ya juyo, yana faɗa a hanya.

Pemberton ina tausaya masa, ko da yake ban wanke shi ba. Shugaban 'yan aware Jefferson Davis ya ce masa ya riƙe garin ko ta halin ƙaƙa. Johnston, wanda ya fi shi muƙami a soja, ya ce ya fito su haɗu, don gari ana iya sake ƙwato shi, runduna in ta tafi ta tafi. Gaba kura baya sayaki. Sai ya raba ƙafa: ya bar wani kaso mai yawa yana gadin gari, ya fito da wajen 23,000, ya fara nufar kudu don ya yanke hanyar guzurin Grant, sannan ya juya bisa umarnin Johnston. Yana cikin juyawar Grant ya same shi a Champion Hill da mutum 32,000. Pemberton ya rasa kusan 3,800, rukunin Janar Loring kuma ya yanke daga jikinsa bai sake komowa ba. Da ya bi ɗaya daga cikin umarnin biyu da zuciya ɗaya, da asarar ba ta kai haka ba.

Grant ma ya yi nasa gangancin. Ganin abokan gaba sun shiga gari a firgice, ya zaci tura ɗaya za ta wadatar. Ran 19 ga Mayu ya kai hari ya rasa kusan mutum 1,000. Ran 22 ya sake da dukan ƙarfinsa, ya rasa kusan 3,200, masu tsaro ba su rasa 500 ba. Dalilin yana cikin bindigar zamanin. Ta baki ake ɗura ta: soja ya ciro ƙunshin takarda, ya yage da haƙori, ya zuba albarushi, ya sa harsashi, ya danna da sandar ƙarfe, ya mai da sandar, ya ɗora ɗan murfin tagulla mai tada wuta, ya ja kunama. Gwani yana harbi uku a minti. Cikin bututun akwai zane mai murɗa harsashi, don haka tana iya kai wa mita 250 ko fiye, ko da yake hayaƙi da kurmi da ƙarancin horo sukan sa a yi faɗan a kusa da haka. Wanda ke bayan tudun ƙasa yana ɗuri a ɓoye, kansa kawai ke fitowa. Mai tahowa a fili in ya tsaya ɗuri ya zama abin bara, in bai tsaya ba harbi ɗaya gare shi. Ga gwalalo a gaban ganuwa, ga sassaken itatuwa da aka kayar masu tsini suna kallon waje. Mu nan ba baƙon abu ba ne a tarihinmu: a Burmi, Turawa da duk bindigoginsu sun kai hari a Mayu 1903 an kora su, sai da suka sake shiri suka dawo ran 27 ga Yuli.

Daga nan sai ƙawanya, aikin shebur da diga. Ana fara rami daga inda harsashi ba ya kaiwa, a tafi da shi a karkace, a karya dama a karya hagu, don in ya miƙe masu ganuwa za su harbo ta tsawonsa su share kowa. A gaban masu haƙa ana mirgina wani ƙaton kwando da aka saƙa da gora aka cusa masa auduga, shi ke tare harsashi. Gefen ramin ana jera kwanduna cike da ƙasa. Bayan tazara sai a haƙa wani ramin a gicciye, a zuba maharba da igwa, a ci gaba. Irin waɗannan hanyoyi 13 aka tura, kuma da yawan haƙar baƙaƙen fata da suka gudo daga bauta ne suka yi ta. Ƙasar wurin tana da sauƙin sara kuma ba ta rufta, abin da ya taimaki kowane ɓangare. Masu tsaro suna cinna wa kwandunan wuta, suna gangaro da bama-bamai da hannu.

Ran 25 ga Yuni aka tayar da albarushi kusan tan ɗaya a ƙarƙashin wata kusurwar ganuwa. Bai yi amfani ba, don masu tsaro sun ji ƙarar diga tun da wuri sun gina wata katanga a baya. Sojojin da suka ruga cikin ramin da fashewar ta bari sai suka zama a ƙasa, ana jefo musu wuta daga sama, har aka janye su washegari.

Abin da ya ci garin yunwa ce da cuta. Kogi yanzu yana hannun Grant, jirage na sauke masa abinci da sababbin sojoji har rundunarsa ta kai 77,000, ya ware wa Sherman sama da 30,000 su juya gabas su tare Johnston. A ciki kuwa an koma burodin garin wake da naman alfadari, farar hula sun haƙa koguna wajen 500 a jikin tudu suna kwana, zawo da zazzaɓi sun kwantar da dubbai. Bayan kwana 47 Pemberton ya miƙa mutum kusan 29,500 da igwa 172. Grant bai kwashe su zuwa arewa ba, don jigilar wannan taro za ta cinye jiragensa na tsawon lokaci. Ya sa kowa ya sa hannu cewa ba zai sake ɗaukar makami ba sai an yi musayar fursunoni, ya sallame su. Da yawa gida suka nufa, wasu kuma an sake ganinsu a fagen fama a Chattanooga, abin da ya ƙara dagula batun musayar. Port Hudson ta sallama ran 9 ga Yuli.

Sherman, wanda da farko bai yarda da shirin Grant ba, shi ya fi kowa ɗaukar darasin. A 1864 da ya nufi Atlanta, mutum 100,000 da dabbobi 35,000 sun rayu ne a kan layin dogo guda ɗaya tak mai tsawon kilomita 760 daga Louisville. Abin da ya tsara shi ne tarago 160 a rana, kowanne tan 10, ya dasa masu gadi a gadoji, ga ma'aikatan gyara da ke bin layin da katako da ƙarafa a shirye. A lissafinsa, da amalanke za a yi wannan jigila, sai an nemi guda 36,800, kowanne da alfadarai shida.