Na dawo daga Svalbard lafiya, ga godiyata

Assalamu alaikum. Alhamdulillahi, Allah ya dawo da ni Kaduna lafiya daga Svalbard, tsibiran ƙasar Norwe da ke can ƙurewar arewacin duniya, inda na bi ayarin masu binciken yanayi. Masu zuwa barka da dawowa sun yi yawan da ba zan iya bin kowa gida ba, shi ya sa na rubuto nan.

Hajiya ce farko. Da jirgin ruwanmu ya bar garin Longyearbyen ya shiga gandun Nordvest-Spitsbergen, wanda aka killace tun 1973, waya ta ɗauke ɗif. An ce kullum sai ta aika da sadaka masallaci, tana faɗan wa ya aike ni ƙasar da ko bishiya ɗaya babu. Hajiya, Allah ya ƙara girma. Maman yara kuwa, da ta riƙe gida kuma ta riƙa kwantar wa Hajiya da hankali alhali ita ma nata a tashe yake, Allah ya biya ki.

Malam limamin unguwarmu ya warware mini abin da ya fi damuna. A Longyearbyen rana ba ta faɗuwa daga wajen 20 ga Afrilu har bayan tsakiyar Agusta. Ya ce in ƙiyasta lokutan salla da agogo, in bi gari mafi kusa da ake samun dare da rana. Haka na riƙa yin isha'i rana na haska dadduma. Ga kuma mai gwanjo a Kasuwar Barci da ya tono mini rigunan sanyi yana ta dariya. Kayanka sun yi aiki, Alhaji.

Sai jagoranmu, wanda ba ya sauka tudu sai da bindiga a kafaɗa saboda farin beyar, wata ƙatuwar dabba mai cin nama da ke zaune a yankin ƙanƙara. Doka ta hana a matsa wa dabbar ƙasa da mita 300, kuma da na hango ta da madubin hangen nesa ban ga laifin dokar ba. Mun ga walros, wasu manyan dabbobin ruwa masu haure biyu, kwance jibge a bakin teku, da barewa mai gajerun ƙafafu. Amma abin da ya tsaya mini a rai shi ne kogin ƙanƙara na Monacobreen. Bango ne shuɗi, sai ka ji ƙara kamar aradu, wani ɓangare ya ɓalle ya rufta teku, igiyar ta zo ta girgiza kwalekwalenmu. Kusan kashi 60 cikin ɗari na tsibiran ƙanƙara ce ta rufe su, kuma tana ja da baya, don yankin ya fi sauran duniya saurin ɗumama.

Masu tambayar tsaraba ku yi haƙuri, ko fure an hana tsinka a can. Hotuna dai suna nan, duk mai son gani ya zo gida ranar Asabar bayan la'asar. Allah ya bar zumunci.