Bidiyon biki, PS4 da dare biyu da ban yi barci ba

Wallahi da na san abin nan zai ci min dare biyu da tun farko na kai laftof ɗin gyara na huta. Ramin HDMI ɗinsa, inda ake jona shi da talabijin, shi ne ya mutu tun bara, kullum ina cewa zan kai zan kai, har yau dai ban kai ba. To sai ga mai kyamara ya kawo bidiyon bikin ƙanwata, fayil ɗaya tal amma ya haura 9GB, Umma kuma ta ce ita sam ba za ta kalli auren ’yarta a ɗan mitsitsin allon kwamfuta ba, a sa mata a talabijin ɗin falo, kafin in ce wani abu ma har ta kira Goggo ta Tudun Wada da ƙawayenta biyu na Unguwar Rimi ta ce su zo ranar Asabar bayan la’asar. Ranar Alhamis ke nan fa. Talabijin ɗin tamu tsohuwa ce, ba ta san wai-fai ba, abin da ke jone da ita kawai PS4 ɗin ƙanena ne da yake buga ƙwallo a kai.

Na fara da fulash. 16GB ne, babu komai a ciki, amma kwamfuta ta ce fayil ɗin ya yi girma. Na zata fulash ɗin jabu ne, ashe tsarin FAT32 ne a kansa, shi kuma ba ya karɓar fayil ɗaya da ya wuce 4GB ko da fili ya kai filin Murtala. Na ɗauko hadis ɗina na aiki, wato hard disk, na zuba a ciki, PS4 ya yi kamar ba a jona masa komai ba, don tsarin NTFS ne a kansa, PS4 kuma ba ya karanta shi. Goge hadis ɗin kuwa ba zance ba ne, aikina na shekara uku ne a ciki.

Sai na tuna zamanin PS3, wani abokina a Malali yana kallon finafinan da ke kwamfutarsa ta ɗaki a falo ba tare da ya ɗaga komai ba. DLNA ake kiran tsarin, PS3 ya same shi tun 2007. PS4 da ya fito a 2013 bai zo da shi ba, sai a 2015 aka fitar da manhajar Media Player, kyauta ce a PlayStation Store amma sai ka sauke ta da kanka. Ƙanena shekara nawa yana da na’urar nan bai ma san da ita ba. Muka sauke. A kwamfuta kuma, Windows 10 ce, na shiga Control Panel, Network and Sharing Center, Media streaming options, na kunna. Na dawo falo ina wani ɗaga kafaɗa na buɗe Media Player.

Wayam.

Nan fa na shiga haukan da kowa ke shiga, kashe wannan kunna wancan, na cire manhajar na sake sa ta, na kashe antibairos gaba ɗaya, har na sauke Universal Media Server, wata manhajar raba bidiyo, ina tunanin na Windows ɗin ne ba ya aiki, shi ma PS4 bai gan shi ba. Wajen ƙarfe ɗaya na dare ƙanena ya leƙo yana cewa “Yaya don Allah kar ka goge min sef ɗin wasana”, na ce ya je ya kwanta kafin raina ya ɓaci.

Da safe bayan na sha shayi kaina ya dawo daidai, sai na yi abin da ya kamata in fara da shi. Na buga ipconfig a kwamfuta, lambarta ta fara da 192.168.8. Na duba ta PS4 a setin, wajen View Connection Status, tasa 192.168.0 ce. Wato gida ɗaya suke kwana amma ba unguwa ɗaya suke ba. Laftof ɗina ya saba da ’yar MiFi ɗina ta aljihu, da na buɗe shi can yake maƙalewa da kansa, PS4 kuma yana kan rawutar falo da ƙanena ke sa wa data. Kowanne yana da intanet lafiya lau, shi ya sa ban kawo komai a raina ba. Yadda abin yake aiki, kwamfutar shela take yi a cikin netwok ɗin gida, SSDP sunan shelar, ta kafar UDP 1900, tana cewa ga ni nan ina da bidiyo. Kamar mai shelar ɗaurin aure ne a masallacin layinku, wanda yake Rigasa ba zai ji ba komai ƙarfin lasifikar. Duk abin da na yi daren jiya aikin banza ne.

Na mayar da laftof kan rawutar falo. Har yanzu shiru, amma wannan karon na san inda zan duba. Sabon wai-fai ne a wajen Windows, sai ta sa shi a Public, wato tana ɗaukarsa kamar na otal ko filin jirgi, ta kulle ƙofa ba ta bari kowa ya ga kwamfutar. Na mayar da shi Private, ko minti ɗaya ba a yi ba sunan laftof ɗina ya fito a talabijin. Na kunna antibairos ɗin da na kashe don haushi, bai hana komai ba, ashe bawan Allah ba shi da laifi. Wanda nasa ya ƙi fitowa bayan wannan, ya leƙa setin rawuta ya ga ko AP isolation a kunne yake, ko kuma ɗaya daga cikin na’urorin yana kan wai-fai ɗin baƙi, su ma suna hana na’urori ganin juna.

Ƙanena sai ya tayar da wata rigimar, wai 9GB zai tafi a datarsa. Na yi masa bayani bai yarda ba sai da ya duba balas. Bidiyon daga laftof yake tashi ya bi ta rawuta ya sauka a PS4, ba ya leƙa waje ko kaɗan.

Na shiga foldar bidiyo, babu fayil ɗin. Wannan kam sakacina ne, a Desktop na ajiye shi, Windows kuma abin da ke cikin Videos da Music da Pictures kawai take rabawa. Na matsar da shi, ya fito, na danna, sai PS4 ya ce ba zai iya kunnawa ba.

A nan ne na kusa komawa kan rawuta in sake tayar da hankalina, sai na tsaya. Rashin ganin kwamfuta ciwo ne daban, ganin fayil ya ƙi tashi kuma wani ciwon ne, maganin wancan ba ya yi wa wannan, kuma ina ganin a nan mutane da yawa ke ɓata lokacinsu. Abin da ya ruɗe ni shi ne sunan fayil ɗin ya ƙare da MP4, PS4 kuma yana kunna MP4. Ashe MP4 ɗin kwano ne kawai, abincin da ke ciki shi ne zancen. Na buɗe bidiyon a manhajar kallo ta VLC na danna Ctrl da J, ya nuna HEVC, wato H.265. Mai kyamara ya matse shi da sabon tsari don ya rage nauyi, Media Player ɗin PS4 kuma H.264 ya sani, da sauti irin AAC ko AC-3. Universal Media Server yana iya juya bidiyo yana turawa a lokaci guda, na gwada, amma laftof ɗina tsoho ne, fanka ta hau kuka kamar injin markaɗe hoto yana tsayawa. Sai na sauke HandBrake, manhajar juya bidiyo, na zaɓi Fast 1080p30 na bar shi yana juyawa. Ya kai kusan rabi aka ɗauke wuta, batir ɗin kuma ba ya riƙe awa ɗaya. Na sake daga farko da janareta, man da na saya don ranar Asabar rabinsa a nan ya tafi, daren Juma’a ma haka ya wuce.

Sabon fayil ya tashi, amma duk bayan ’yan mintuna sai ya ɗan sarƙe. PS4 ɗin na farkon fitowa ne, wai-fai ɗin 2.4GHz kawai yake kamawa, Slim da Pro na 2016 ne suka zo da 5GHz, ga maƙwabta kowa da nasa wai-fai ɗin a layi ɗaya. Asabar da safe na hau keke Napep zuwa Kasuwar Gumi na sayo kebur ɗin LAN, na jona PS4 da rawuta kai tsaye, na dawo da laftof falo kusa da ita, na hana shi yin barci in yana caji don da ya yi barci sunansa ke ɓacewa daga talabijin. Sumul.

A shagon kebur ɗin ne yaron shago ya ji labarina ya ce “Oga ai da ka mayar da fulash ɗin exFAT, PS4 na karantawa kuma yana ɗaukar babban fayil, ka dai sa shi cikin folda.” Gaskiya ya faɗa. Na ce masa ai ko da na yi hakan H.265 ɗin na nan yana jirana, ya ce haka ne, amma ni da shi mun san dare ɗaya da ya rage min.

Su Goggo suka iso bayan la’asar, aka kawo zoɓo da cincin, ni na zauna gefe riƙe da fad ɗin PS4 kamar direba. Ba a yi minti ashirin ba Goggo ta ce in mayar baya ta ga ashobin wance, na mayar, Umma ta ce in tsayar a nan, na tsayar, sai ta juyo ta kalle ni ta ce wai me ya sa mai kyamarar nan dangin ango kawai yake ta haskawa, in kira mata shi yanzu-yanzu.