Angar da na wanke a cikin teku

Har yau in na tuna ranar nan sai raina ya ɓaci wallahi. Ina karatu a tsibirin Kubrus, hutun bazara na shiga aikin sa kai na ƙidayar ciyawar ƙarƙashin teku da ake kira Posidoniya, wadda a duk duniya sai a Bahar Rum take fitowa, cikinta ƙananan kifaye suke ɓuya su girma. Nutso da auna fili duk sun tafi lafiya.

Matsalar anga ce, ƙarfen nan da ake jefawa a ruwa don tsayar da jirgi. Mun tashi daga wani lungu da baƙuwar gansakukar nan Kaulerpa ta mamaye, wadda asalinta daga Ostireliya take, ta fara bazuwa a Bahar Rum wajen 1990. Na jawo anga duk ta naɗo koren abu kamar ƙananan inabi, ban kula ba na ajiye. Da muka isa wuri na biyu mai tsafta, ni da son gyara, sai na zura ta a ruwa na kakkaɓe tas. Malamar da ke jagorantarmu ta daka min tsawa amma aikin gama ya gama.

Ashe ɗan guntu kamar farce ya isa ya kama ƙasa ya zama sabuwar shuka. Kuma ni ɗan Haɗejia ne fa, na ga yadda kachalla ta toshe mana hanyoyin ruwa ta hana masunta sakat, ya kamata a ce tun farko jikina ya ba ni. Abun da ya fi ƙona min rai shi ne Posidoniya 'yan santimita kaɗan take ƙaruwa a shekara, duk inda anga ta yage ta ta bar fili, nan baƙuwar take samun wurin zama.

Kwana biyu muka yi muna nutso a wurin muna tsintar guntaye cikin jaka, man jirgin ma daga aljihuna na biya.

Don Allah duk mai shiga jirgi, ka duba anga da sarƙa da raga tun kafin ka bar wuri, abun da ka cire a kwandon shara a tudu za ka zuba, kayan kuma su sha rana su bushe ƙarau. In ka ga ruwa ya yi duhu ciyawa ce, nemi yashi ka jefa anga. Wata mai zuwa zan koma wurin da na wanke angar in duba, gabana sai faɗuwa yake.