Yadda Na Tsara Ajiyar Wilin Keke a Ɗakin Aikina

Shekara da shekaru ina gyaran kekunan gidanmu da na maƙwabta a wani ƙaramin ɗaki da ke kusa da zaure, kuma duk mai irin wannan aiki ya san cewa wili yana taruwa ba tare da an yi niyyar tara shi ba. Keke ya kan mutu a jiki ya bar ƙafafunsa da rai, sai mutum ya cire su ya ce wata rana za su yi amfani. Haka na wayi gari da wili 14 jingine da bango, kowanne ya danne na bayansa, har ranar da na zaro na can ƙarshe domin in ɗaura wa keken ƙanena, na juya shi a hannu na ga yana rawa hagu da dama, ga tsatsa ta ci inda ya daɗe yana taɓa siminti tun damina.

Abin da na fahimta a ranar shi ne ƙarfin wili a tsaye yake. Wayoyin da ke ɗaure bakinsa da cibiyarsa, waɗanda galibi 36 ne ko 32, an ɗaure su ne tamau ta yadda zai ɗauki mutum da buhun hatsi, amma nauyin da ya zo masa ta gefe ba ya jure shi haka. Idan an jingina su da yawa, sandar cibiyar wannan tana shiga tsakanin wayoyin wancan, kuma duk lokacin da aka ja ɗaya da ƙarfi sai wata waya ta lanƙwashe.

Saboda haka na kai wa mai walda guntayen rodi siriri ya lanƙwasa mini su ƙugiyoyi, na kafa bututun ƙarfe mai tsawon mita 2 daga bango zuwa bango a sama da kai, na rataye kowane wili ta bakinsa. Kowace ƙugiya na naɗe ta da yankakken tsohon tiyub domin kada ta karce alminiyum. Rabin ƙugiyoyin gajeru ne, rabi kuma dogaye, ina jera su bi da bi, ta yadda cibiyoyin ba sa haɗuwa a layi ɗaya, kuma wannan dabara kaɗai ta sa wurin da zai ɗauki 8 ya ɗauki duka 14. Wasu suna tsoron cewa rataya za ta miƙar da wili ta ɓata da'irarsa, amma abin da bai wuce kilo 2 ko 3 ba bai isa ya yi wa bakin da ke ɗaukar babban mutum komai ba.

Sai dai rataya ita ce sashe mai sauƙi. Abin da ya fi cin lokacina, kuma ya fi amfanar da ni, shi ne sanin ainihin girman kowanne, domin sunayen da muke kiransu da su a kasuwa suna ruɗarwa. Tsofaffin kekunan iyayenmu irin su Raleigh da Phoenix, masu birkin sanda, ana ce wa ƙafarsu 28, kuma faɗin inda taya ke zama a jikinta milimita 635 ne. Kekunan gwanjo da ake shigowa da su daga Turai su ma sau da yawa za ka ga an rubuta 28 a tayarsu, alhali nasu faɗin 622 ne. Bambancin milimita 13 ba a gane shi da ido daga nesa, amma ya isa ya hana taya shiga, ko ya sa ta zauna sakaka ta fita daga bakin wili da zarar an cika ta da iska. Akwai kuma mai suna 27, wanda faɗinsa 630 ne, wato ya fi wani mai suna 28 girma. A ɓangaren 26 ma haka abin yake: na keken hawan tudu 559 ne, na tsohon ƙirar Ingila kuwa 590. Na taɓa yin tafiya har kasuwa sau biyu a yini ɗaya saboda wannan, ina ganin laifin tayar ne, ashe ni ne ban karanta ƙananan lambobin da ke gefenta ba. Lambobin suna zuwa ne kamar 40-635 ko 37-622, ta farko kaurin taya, ta biyu kuma ita ce wadda ba ta yaudara.

Yanzu kowane wili yana da alama da na yanko daga tsohuwar jarka, domin kwali ba ya tsira daga gara da laima. A kanta nakan rubuta wannan lamba ta biyu, da ko na gaba ne ko na baya, da faɗin cibiya, wanda a na gaba yawanci milimita 100 ne, a na baya kuma 130 ko 135 ga kekuna masu giya da yawa. Nakan ƙara da irin birkin da ya dace da shi, saboda birkin sanda yana kama cikin bakin wili ne ta ƙasa, na waya kuma yana matse gefensa, don haka ba kowane baki ne ke karɓar kowanne ba. Daga ƙarshe sai in rubuta lahaninsa idan yana da shi, ko boris ya yi ƙara, ko waya biyu sun tsinke. Masu lahani suna can hannun hagu, lafiyayyu suna dama, kuma an haɗa na gaba da na bayansa da igiya idan daga keke ɗaya suka fito.

Roba kuwa tana da nata maƙiyan, wato rana da zafi da man fetur. Shi ya sa na sauke bututun ƙasa kaɗan daga rufin kwano, na rufe tagar yamma da buhu, na kuma fitar da janareta da jarkarsa daga ɗakin gaba ɗaya. Wilin da ke da taya nakan bar masa iska kaɗan don kada tiyub ya manne ko ya naɗe. Kafin damina nakan shafa ɗan mai a bakin na ƙarfe, in goge shi sarai ranar da za a ɗaura, saboda birki ba ya kama wuri mai maiƙo. A lokacin hunturu kuma nakan ɗaure leda a kan kowace cibiya, domin ƙura idan ta gauraya da giris tana cin boris kamar yashi.

Wili uku ne na tabbatar ba za su gyaru ba. Na kwance wayoyinsu na ɗaure su dami-dami bisa tsawonsu, na zuba cibiyoyin a gwangwani, sauran da'irar ƙarfen kuma na ba yaran layinmu, waɗanda tun kafin in rufe ƙofa suka fara gara su da kara zuwa bakin titi.