Ɗan Maƙeri da Takobin Japan

A garin Seki da ke lardin Gifu, inda aka shafe kimanin ƙarni bakwai ana ƙera takubba da wuƙaƙe, na sayi gajeren takobi irin wanda ake kira wakizashi, wanda tsatsa ta ci kusan rabin jikinsa. Aikina a Japan kwance tsofaffin motoci ne a wani kamfani da ke tura kayan gyaransu Afirka, amma a maƙera na buɗe ido, kuma ɗan maƙeri ba ya iya wuce ƙarfe mai kyau da ake barin sa yana lalacewa. A nan ba a riƙe takobi sai da takardar rajista, domin dokar 1958 ta wajabta wa kowane takobi katinsa daga hukumar ilimi ta lardi, kuma wanda ya saya dole ya sanar da ita cikin kwana 20. Na cika wannan sharaɗi tun kafin in cire shi daga kube.

Abin da har yau yake ci mini tuwo a ƙwarya ya faru ne a wani shago da na je neman duwatsun washi, tare da abokin aikina ɗan ƙasar. Na yi bayanin buƙatata da Japananci gwargwadon iyawata, amma mai shagon bai dube ni ba ko sau ɗaya. Ga abokina ya juya, yana cewa baƙi ne ke lalata takubba da injin gurza ƙarfe, don haka ba zai sayar mini da komai ba. Bai tambaye ni ko na taɓa riƙe masaba ba. Bai san cewa tun ban kai tsawon uwar maƙera ba nake zuga wa mahaifina wuta, ko cewa daga launin ƙarfe a cikin garwashin ƙirya nake gane lokacin da ya kamata a tsoma shi cikin ruwa. Na fito ban ce uffan ba, kuma na yi kwanaki ina tsara amsoshin da harshena bai kai ya furta su a yarensa ba.

Tsoron nasu yana da tushe, wannan na yarda. Mai wasa takobi a nan, wanda suke kira togishi, yakan yi kimanin shekara goma a hannun ubangidansa, yana bin duwatsu daki-daki, daga mai kaushi zuwa nagura, zuwa uchigumori da ake haƙowa a yankin Kyoto, har ya kai ga ɓarɓashin dutse siriri da ake gogawa da babban yatsa domin a fito da hamon, wato zanen da taurara ƙarfe ke bari a gefen kaifi. Kowace gugar dutse tana rage naman takobin, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa. Amma da mai shagon ya zaunar da ni ya faɗa mini haka ido da ido, da na karɓa hannu bibbiyu, domin a gidanmu ma ba a ba yaro magagari sai ya daɗe yana zuga.

Abin da nake yi a ɗakina bayan sallar isha'i kaɗan ne. Ina jiƙa jar tsatsar da mai, in bar ta ta yi laushi, sannan in ɗaga ta a hankali da guntun ƙaho, wanda bai kai ƙarfe tauri ba. Gindin da ke shiga ƙota kuwa ba na taɓa shi ko kaɗan, saboda da baƙar tsatsarsa masana ke ƙiyasta shekarun takobi, kuma a nan maƙeri ke sassaƙa sunansa. Ina tara kuɗin da zan kai shi wa togishi na gaske, wanda ke cajin kuɗi gwargwadon tsawon takobin. Man da ake shafawa yana da ɗan kanumfari a cikinsa, kuma duk sanda na buɗe kwalbar sai in tuna kunun da Inna ke dama mana da azumi. A irin waɗannan darare nakan ji cewa babu wanda ya fi ni gata a duk ƙasar, kafin kuma in lura cewa na wuni ban yi Hausa da kowa ba.

Da na nuna wa Baba takobin ta waya, sai ya sa aka matso masa da ita kusa da idonsa, ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce wanda ya ƙera wannan ya san wuta. Na ce, "Baba, ku da kun gan shi a hannu da kun fi gane shi." Ya yi shiru, domin idanunsa sun fara gazawa, kuma rabon da a hura wuta a maƙerarmu ta ƙasar Katsina tun damina biyu da suka wuce. Ƙanena ya koma walda a bakin tasha, yanzu kuma yana maganar sayar da uwar maƙera ga masu sayen tsohon ƙarfe a kan kilo, ita da kakanmu ya gada. Na tura masa kuɗin da ya ce an taya, daga cikin wanda nake tarawa na togishi, na roƙi Inna ta sa baki, amma har yanzu bai ba ni tabbacin cewa ya fasa ba.