Abin da ƙaura daga Opsgenie ta koya min

Ranar da oga ya turo a guruf ɗin ofis cewa kamfanin Atlassian za su rufe manhajarsu ta Opsgenie, sun daina sayar da shi tun 4 ga Yunin 2025 kuma 5 ga Afrilun 2027 za a kashe shi kwata-kwata, wallahi na ɗauka aikin sati ɗaya ne. Kamfaninmu ƙarami ne a nan Wuse 2, harkar POS da USSD da tura kuɗi muke yi. Ga wanda bai sani ba, Opsgenie shi ne manhajar da ke tashin mai duti da daddare idan wata saba ta faɗi, ta kira ka, in ba ka ɗaga ba ta kira na gaba da kai, har ta kai kan oga. Su Atlassian wata manhajarsu mai suna Jira Service Management suka nuna wa mutane su koma, amma oga ya ce tunda tashi ya kama, PagerDuty za mu koma, wata manhaja ta wani kamfanin daban mai irin wannan aiki. Ni aka ɗora wa aikin, wai ni ne mai haƙuri.

Kwashe sunayen mutane da jadawalin duti bai ba ni wahala ba, sai dai ka tabbata ka sa lokacin Legas ba UTC, agogon bai-ɗaya na duniya, ba, awa ɗaya ce tsakani amma ta isa ta tashi wanda ya riga ya sauka.

Inda na fara gumi shi ne wajen sabis-sabis ɗin, wato ƙananan manhajojin da kowace ke riƙe da wani ɓangare na aikinmu. Mu a Opsgenie komai a kan tim muka gina shi, alat ya shigo a jefa wa tim kaza, shi kenan. PagerDuty kuwa sabis ne ginshiƙinsa, kowane sabis sai ka ba shi jerin mutanen da za a tasa, jeri ɗaya tak. To nan fa tambayar da muka daɗe muna kauce wa ta tare ni: wannan abin na waye? Na samu sabis wajen biyar da babu mai su. Ɗaya ma wanda ya rubuta shi ya yi japa zuwa Kanada tun bara, amma sunansa na nan daram a matsayin mai shi.

Sai maganar wa ya jingina da wa. Na fitar da duk abin da ke cikin tsohon, na rubuta shi tsaf a Terraform, manhajar da ake rubuta tsari a ciki ta gina shi, na kalli taswirar a allo ina jin daɗi kamar na gina gida. Da yamma muna shan shayi a ƙasan ofis na nuna wa babban injiniyanmu, dattijo ne da ya fi kowa daɗewa a wurin. Ya kalla ya yi dariya ya ce, "Ƙanena, wannan ai hoton gidan ne kafin a yi masa gyara." Ashe USSD ya daina amfani da wancan rumbun bayanan tun tuni, kuma ɗan sabis ɗin da ke tura lambar OTP, wanda in ya tsaya babu mai iya tura ko sisi, ko kaɗan ba ya cikin taswirar don ba wanda ya taɓa shigar da shi. Ni kuma na ƙara nawa shirmen, a wasu layuka na juya kan abin, na sa mai tallafawa a gurbin mai dogaro, wato a takarda rumbun bayanai ne ke jiran manhajar waya. Kwana uku na yi ina bin kowane tim da biro da littafi ina tambaya, in wannan ya mutu yanzu me zai biyo shi? Amsar da na samu a bakin mutane ta sha bamban da abin da ke rubuce, wasu ma sai da suka yi musu a gabana kafin su yarda da juna.

Mun bar tsoho da sabo suna aiki tare sati biyu, duk alat ɗin da ya faɗo can ya faɗo nan, muka kashe tsohon, har da su tsire aka ci. Abin da ban lura ba shi ne abubuwan da ke kuka in sun lalace kawai na kwatanta. Akwai wani aiki da ke tashi da kansa ƙarfe biyun dare yana daidaita lissafin kuɗin ranar, in ya gama sai ya aika wa Opsgenie ɗan saƙo, bugun zuciya suke ce masa, in saƙon bai zo ba a kan lokaci sai a tashi mai duti. Ba ya cikin jerin sabis, wani shafi ne daban, ni kuma ban leƙa ba. Faifan sabar ya cika, aikin ya tsaya dare uku, wayar kowa shiru, mu muna ta yabon sabon tsari wai ba ya damun mutane. Ina cikin go-sulo a hanyar Kubwa Hajiyar sashen kuɗi ta kira ni, "Malam, lafiya kuwa? Tun Litinin ban ga rahoton dare ba." Ban san sanda na faka a gefen titi ba.

Kuɗin kowa bai ɓata ba, alhamdulillahi, amma mun kwana biyu muna lissafi da hannu, kuma laifin nawa ne, na faɗa a mitin.

Yanzu duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci mukan kashe abu ɗaya da gangan a sabar gwaji mu zauna mu ga wayar wa za ta yi ƙara. Makon jiya mun kashe na OTP, duk muka zuba wa wayoyinmu ido, shiru. Can sai ga saƙo a WhatsApp daga Kanada: "Ku cire lambata mana don Allah."